Yadda zaka ziyarci fadar Queluz in Allah ya kai ka Fotugal

Jama'a duk wanda Allah ya nufa da zuwa Lisbon, karatu ne ya kai shi ko taro ko kasuwanci ko yawon buɗe ido kawai, abu na farko da za a ce masa shi ne ya je Sintra, garin tsofaffin fadoji da ke kusa da Lisbon, kuma gaskiya ne Sintra ta isa a je mata, amma a kan wannan layin dogon da ke kai mutum Sintra ɗin akwai wani gari a tsakiyar hanya wanda jirgi ke tsayawa baƙi su leƙo ta taga su wuce abinsu ba tare da sun san abin da suka bari ba. Sunansa Queluz, su 'yan ƙasar "Kelush" suke cewa, to riƙe wannan furucin dan shi zaka ji a lasifikar jirgi. A nan ne gidan sarautar Fotugal ya yi zamansa na ƙarshe kafin su tsere Birazil a 1807, fada ce doguwa mai lambu a bayanta, kuma ni dai shawarata ita ce ka ware mata rabin yini ita kaɗai, kar ka maƙala ta a wutsiyar tafiyar Sintra ka zo a gajiye ana shirin rufe ƙofa.

Toh bari mu fara da hanya. Ka je tashar jirgin ƙasa ta Rossio da ke tsakiyar Lisbon, ka nemi jirgin da aka rubuta Sintra a goshinsa, yana tashi akai-akai ba sai ka sayi tikiti tun jiya ba. In kuma masaukinka na wajen Oriente ko Entrecampos ko Sete Rios to daga can ma akwai jirgin da ke hawa layin, ba sai ka shigo cikin gari ba. A mashin ɗin tikiti zaka sayi ɗan katin takarda mai suna Navegante, tsofaffin 'yan gari har yanzu Viva Viagem suke ce masa, kuɗin katin kansa rabin yuro ne sai ka loda masa kuɗin tafiya, kuma dan Allah kowa da katinsa, ba a haɗa mutum biyu a kati ɗaya ko da kai da madam ne. Ka ɗora shi a kan na'urar ƙofa ta karanta kafin ka shiga, sannan kar ka yar da shi dan da shi zaka fita a ɗaya ɓangaren kuma ana sake loda shi. Daga Rossio zaku wuce Campolide, Benfica, Santa Cruz-Damaia, Reboleira, Amadora, sai Queluz-Belas, nan zaka sauka, tafiyar duka bata wuce minti 20 ba. In hira ta ɗauke ka kun wuce kar ka damu, tasha ta gaba Monte Abraão ita ma ana takawa daga can zuwa fadar. Daga Queluz-Belas tafiyar ƙafa ce ta kamar minti 15, ka kunna Google Maps ka rubuta Palácio Nacional de Queluz ka bi. Masu dattijo a tare da su ko ƙananan yara gara su kira Bolt ko Uber tun daga Lisbon, sai dai babban titin da ke bi ta nan, IC19, yana da mugun cunkoso da safe da kuma lokacin tashi aiki, a kiyaye waɗannan lokutan.

Wani abu da zai baka mamaki a cikin jirgin nan shi ne yawan baƙar fata, unguwannin wannan layin cike suke da 'yan Gini Bisau da Kef Bade da Angola, wasu an haife su a nan ma, zaka ga mata da atamfa da ɗankwali da dattawa da hula, babu wanda zai tsaya kallonka. Garin Queluz kansa garin ma'aikata ne masu kwana a nan su tafi aiki Lisbon, dogayen gidajen haya ne da shaguna da wuraren shan kofi, saboda haka in ka sauka ka ga babu wani abin kallo kar ranka ya ɓaci ka ce an yaudare ka, ci gaba da tafiya kawai, can zaka ɓullo wani fili mai faɗi shimfiɗe da duwatsu, ga mutum-mutumin Sarauniya Maria ta Ɗaya a tsaye, ga hasumiyar agogo a gefe guda wadda yanzu otal ce, ga fadar a miƙe. Kuma in ka taɓa ganin hotonta a intanet ruwan hoda to tsohon fenti ne, an gyara ta an mayar da ita launinta na asali, shuɗi mai haske da ɗan rawaya.

Tikiti ana saya a ƙofa, ana kuma saya a shafin Parques de Sintra, su ne ke kula da wurin tun 2012. Ka duba shafin nasu da daddare kafin ka fito dan ganin farashi da lokacin rufewa na wannan kakar, ana buɗewa ƙarfe 9 na safe kuma kuɗin shiga bai kai na fadar Pena ta Sintra ba. Ka sayi wanda ya haɗa fada da lambu. Irin layin nan na Sintra da mutum zai tsaya ƙafa ta yi sanyi babu shi a nan, sau da yawa zaka shiga ɗaki ka tarar kai kaɗai ne sai mai gadi a kusurwa, kuma wallahi wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Yanzu ga abin da nafi so ka riƙe. Kar ka shiga gidan nan baka san labarin masu gidan ba, in ba haka ba madubai da ruwan zinare kawai zaka gani ka ɗauki hoto ka fito cikin minti 30. Wanda ya fara ginin a 1747 sunansa Pedro, ƙanin Sarki José na Ɗaya, lokacin yana ɗan sarki ne kawai mai dukiya da ke son gidan hutun bazara a bayan gari. Mateus Vicente de Oliveira ne magininsa na farko, ana cikin aiki sai girgizar ƙasar nan ta ranar 1 ga Nuwamba 1755 ta rusa Lisbon, hankali ya koma kan sake gina birni, daga baya wani Bafaranshe Jean-Baptiste Robillon ya karɓi aikin, shi ya ƙawata manyan zaurukan da lambun. A 1760 sai Pedro ya auri Maria, magajiyar gadon sarauta, wadda 'yar wansa ce uwa ɗaya uba ɗaya, eh haka ka ji, baffa ya auri 'yarsa, haka gidajen sarautar Turai na wancan zamanin ke yi dan kar mulki ya fita gida, kuma ɗansu na fari José shi ma ƙanwar mahaifiyarsa aka aura masa. Maria ta hau mulki a 1777. Mijin ya rasu a 1786, bayan shekara 2 cutar agana ta kashe babban ɗan nata, daga nan hankalinta ya fara taɓuwa har ya zama a 1792 ɗanta João ne ke riƙe da mulki a madadinta. A Fotugal ana tuna ta da mai ibada, a Birazil kuma mahaukaciya suke ce mata, wani Bature ɗan Ingila William Beckford da ya ziyarci fadar a lokacin ya rubuta cewa yana jiyo kururuwarta daga ɗakinta. Ni kam tausayi take bani, mace ta binne miji ta binne ɗa ga mulki a wuyanta ga labarin abin da masu juyin juya hali ke yi wa sarakuna a Faransa yana iso mata.

A 1794 gobara ta cinye fadar katako ta Ajuda inda suke zaune tun bayan girgizar ƙasa, sai gaba ɗaya gidan suka tare a Queluz, gidan hutu ya koma fadar mulki. Shekara 13 suka yi a haka. A ƙarshen Nuwamba 1807 sojojin Napoleon ƙarƙashin Janar Junot suna dab da shiga Lisbon, sai João ya kwashi uwarsa marar lafiya da matarsa da 'ya'yansa da fadawa da dukiya aka zuba a jiragen ruwa, sojan ruwan Ingila suka yi musu rakiya zuwa Birazil, jiragen sun tashi ranar 29 ga wata washegari Faransawa suka shigo. Maria bata sake ganin Queluz ba, a Rio ta rasu a 1816.

To da wannan a kanka sai ka shiga. Zauren gadon sarauta na cikin na farko da zaka tarar kuma shi ne mafi girma, bango duk madubi ne da sassaƙen katako da aka shafe da ruwan zinare, ga manyan fitilun gilashi a rataye, ƙofofinsa na buɗewa kai tsaye cikin lambu, nan ake liyafa da raye-raye. Shawara, kar ka tsaya a bakin ƙofa, taka zuwa tsakiya ka juya a hankali ka ga yadda madubi ke jefa wa madubi hasken taga har ɗakin ya ninka girmansa a ido, sannan ka matsa kusa da madubin ka duba, zaka ga tsohon gilashi ne ya yi dishi-dishi da ɗigon baƙi a gefe, fuskarka ma ba zata fito tas ba. Kusa da shi zauren kiɗa ne da aka gama a 1759, da babban hoton Maria a bango. Akwai ɗan cocinsu na cikin gida shi ma ya sha zinare, da wani bene a sama inda 'yan gidan sarauta ke zama ba tare da an gan su ba, leƙawa ka wuce ya isa. Daga nan ɗakunan kwana ne da na cin abinci a jere, ɗaki na shiga ɗaki, waɗannan zaka iya ɗan sauri, sai dai ka lura da ƙanƙantar gadajen da kuma kayan tangaran na Sin.

Inda zan ce ka rage gudu shi ne wani dogon soro da bangonsa duka tayil ne mai zane tun na 1784, Corredor das Mangas, nan ake ajiye gilasan da ake kifawa a kan kyandir dan kar iska ta kashe. Wannan tayil ɗin da suke kira azulejo shi ne abin alfaharin Fotugal, da hannu ake zana kowane ɗaya a gasa shi sannan a jera su su ba da hoto guda, a nan zaka ga mafarauta da lokutan shekara da nahiyoyin duniya yadda su suke hasashensu a lokacin. Matsa kusa sosai, zaka ga sawun burushin mai zanen, wani wurin shuɗin ya yi kauri wani wurin ya tsinke, wani tayil ɗin ma layinsa bai haɗu daidai da na maƙwabcinsa ba, aikin hannun ɗan Adam kenan. Amma kar ka taɓa, masu gadi na gani kuma zasu yi magana. Gaba kaɗan sai zauren jakadu, daɓensa mabul ne baƙi da fari, da kujerun mulki guda 2 da manyan tulunan Sin, ɗaga kai ka kalli rufin, zanen iyalan gidan ne suna sauraron kiɗa.

Sai ɗakin da ni a wurina shi ne zuciyar gidan, ɗakin Don Quixote, sunan wani shahararren littafin labari ne na Sifaniya, an kira ɗakin haka ne saboda zanen labarin da ke jikin bangonsa. Ɗakin murabba'i ne amma da ka shiga zaka rantse zagayayye ne, ginshiƙai aka jera suka yanke kusurwoyin sannan aka yi rufin da daɓen katakon a zagaye, sai ka leƙa bayan ginshiƙi zaka gane dabarar. A wannan ɗakin aka haifi wani Pedro ɗin, ɗan João kuma jikan Maria, ranar 12 ga Oktoba 1798, yana ɗan shekara 9 aka gudu da shi Birazil, can ya girma, da ubansa ya dawo gida a 1821 shi ya zauna, ranar 7 ga Satumba 1822 ya shelanta cewa Birazil ta ɓalle daga Fotugal ya zama sarkinta na farko. Daga baya ya sauka ya dawo Turai ya yi yaƙin basasa da ƙaninsa Miguel wanda ya ƙwace gadon sarautar Fotugal daga hannun 'yar Pedro, ya ci yaƙin a 1834, a shekarar kuma tarin fuka ya kwantar da shi, ya rasu ranar 24 ga Satumba yana da shekara 35 a cikin ɗakin nan da aka haife shi. Zuciyarsa na ajiye a wani coci a birnin Porto bisa wasiyyarsa, gawar kuma daga baya aka kai Birazil. Shi ya sa zaka ga 'yan Birazil sun fi kowa daɗewa a ɗakin, ka basu wuri. Mahaifiyarsa Carlota Joaquina 'yar sarkin Sifaniya ita ma a gidan nan ta ƙare rayuwarta a 1830 bayan an killace ta saboda ƙulle-ƙullen siyasa.

Akwai maganar da bana so Bahaushe ya fita daga gidan nan bai yi tunaninta ba. Arzikin da Fotugal ta yi facaka da shi a ƙarni na 18 mafi yawansa daga Birazil ya fito, zinare da lu'ulu'u da sukari, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka haƙa suka noma. Cikin waɗanda aka kai jihar Bahia a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa, waɗanda yaƙe-yaƙen zamanin jihadi suka rutsa da su aka sayar aka gangara da su bakin teku. A watan Mayun 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a birnin Salvador, kuma a wannan birnin dai jirgin João ya fara sauka a Janairun 1808. Sun sake tashi a 1809 da 1814, sannan a Janairun 1835 cikin watan azumi aka yi babban tawayen Musulmi da ake kira Malê, wanda Yarabawa suka fi yawa a ciki amma da Hausawa. Ba a daina bauta a Birazil ba sai 1888. Ba wai ina cewa kar ka ji daɗin kallon ba ne, gini ne mai kyau kuma masu sassaƙan sun iya aikinsu, amma in ka ɗaga kai ka ga zinaren nan ka san cewa da gumin kakannin wasu a ciki, ka yi musu addu'a.

Yanzu lambu, kuma ka bar masa aƙalla awa guda. Da ka fito zaka fara da lambuna biyu da ke jikin fada, na Neptune da na Malta, inda aka aske gajerun shuke-shuke aka fitar da zane a ƙasa tamkar aikin allura a ƙirjin babbar riga, kyansa yafi fitowa in ka hango daga tagogin fada ko daga kan matakala. Tsaya a ƙarshen lambun Neptune ka juyo ka fuskanci ginin, nan ne hoton da kowa ke ɗauka, da safe kafin rana ta take yafi kyau. Akwai tafkuna masu feshin ruwa da mutum-mutumi birjik, wasu na dutse wasu na dalma da aka yo oda daga Landan wurin wani maƙeri John Cheere. Gargaɗi ga mai tafiya da iyali, da yawansu gumakan tatsuniyoyin Girka da Rum ne kuma babu sutura a jikinsu, gara ka sani tun yanzu ka san ta inda zaka bi da yara, lambun na da faɗi akwai hanyoyi da yawa.

Ka zagaya ta ɓangaren Robillon ka sauka ta matakalar zakuna, wata shimfiɗaɗɗiyar matakala da ke buɗewa tana gangarawa, a ƙasanta zaka ga kejin da a da ake ajiye namun daji, sannan ka isa abin da babu irinsa a sauran fadojin ƙasar, wato magudanar ruwa mai tayil. Rafin Jamor ne ya ratsa lambun sai suka gina masa bango hagu da dama tsawon fiye da mita 100 suka lulluɓe bangon da azulejo, ta ciki shuɗi da fari da zanen jiragen ruwa da tashoshin teku, ta waje kuma masu launi-launi. A zamaninsu sai a rufe ƙofar ruwan ya taru ya cika, 'yan gidan sarauta su shiga ƙananan jirage suna kai da kawowa makaɗa na yi musu kiɗa daga sama. Yanzu galibi ruwan ɗan siriri ne a ƙasa, wanda hakan ma ya taimaka dan zaka ga zanen har ƙasa. Bi gefe ɗaya ka dawo ta ɗaya gefen kana kallon bangon da ke fuskantarka, kar ka tsaya a kan gada kawai ka ɗauki hoto ka tafi. Can ciki kuma akwai babban magangarin ruwa da lambun tsirrai da aka sake ginawa 'yan shekarun nan, da dogayen hanyoyi masu inuwa, daga can ƙarshe zaka riƙa jin ƙarar motocin babban titi, abin da ke ɗan rage wa wurin armashi kenan.

Masu son dawaki, a cikin lambun nan ne bargar makarantar hawan doki ta ƙasar take, Escola Portuguesa de Arte Equestre, dawakinsu jinsin Lusitano ne daga garken Alter Real da Sarki João na Biyar ya kafa a 1748. Amma wasan da suke nuna wa jama'a a unguwar Belém ake yi a cikin Lisbon, ba a nan ba, a shafin Parques de Sintra ɗin dai zaka ga ranakun. Ɓangaren ginin da ake kira na Dona Maria kuma shi aka mayar masaukin shugabannin ƙasashen waje lokacin zuwan Sarauniyar Ingila a 1957. Kuma ka sani wani sashe na abin da zaka gani a cikin fadar gyara ne, dan gobara ta yi mata ɓarna sosai a 1934.

Sai maganar ciki, wadda ita ce tafi ba Musulmi wahala a Fotugal, mutanen nan suna son alade ba kaɗan ba kuma suna saka shi inda baka zata ba. Haddace waɗannan, porco, presunto, fiambre, chouriço, bacon, banha, duk alade ne ko kitsensa. Burodin nan mai nama da ake sayarwa ko'ina mai suna bifana alade ne, miyar ganye caldo verde da zaka ɗauka lafiya lau ce ana jefa mata yankan chouriço, kuma suna dafa nama da giya. Mafita ita ce kifi, Allah ya hore musu shi, ka ce peixe grelhado wato gasasshen kifi, dourada ko robalo ko sardin in lokacin bazara ne, da dafaffen dankali da salak, ka ƙara da tambayar "tem porco?" kafin a kawo komai. Burodi da zaitun da cuku da za a ajiye maka a tebur tun baka yi oda ba ba kyauta bane, in ka ci za a saka a lissafi, in baka so sai ka ce a ɗauke babu wanda zai ji haushi. In kuma naman halal kake so to ka bari sai ka koma Lisbon ka nufi Martim Moniz, layin Rua do Benformoso cike yake da gidajen abincin 'yan Bangaladash. Ruwan famfo ana sha, ka taho da gorarka.

Lokacin zuwa, Afrilu da Mayu sun fi, lambu ya yi kore fure ya buɗe ba zafi ba sanyi, sai kuma Satumba zuwa Oktoba. Yuli da Agusta rana na duka sosai a filin gaban fadar dan babu inuwa, in a lokacin ka zo to ka fara da lambu da sassafe ka shiga cikin gini in rana ta ɗaga. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan sama ne da sanyi mai shiga ƙashi, kuma duwatsun da suke shimfiɗa wa hanya suna da santsi in sun jiƙe, saboda haka takalmi mai kama ƙasa, hajiya a bar mai tsini a otal. Agogonsu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba daidai yake da na Najeriya da Nijar, sauran watannin kuma suna bayanmu da awa 1. Ka gaida mutane, bom dia da safe boa tarde da rana, in za a yi godiya namiji ya ce obrigado mace ta ce obrigada, suna jin daɗin wannan sosai kuma ma'aikatan fadar na jin Turanci. A jirgi ka riƙe wayarka da jakarka a gaba musamman wajen shiga da fita a Rossio, lambar gaggawa kuma 112 ce.

Salla kuma, babu masallaci a cikin fadar, in ka fito da wuri ka iso ƙarfe 9 zaka gama komai kafin azahar cikin natsuwa, shi ya sa nake ta nanata safiya. Da bazara yini na da tsawo, a watan Yuni magariba sai wajen ƙarfe 9 na dare, saboda haka ka saukar da manhajar lokutan salla kar ka yi aiki da lissafin gida. In ranar Juma'a ce ga yadda zaka yi, a hanyar dawowa kar ka kai Rossio, ka sauka a Reboleira, tasha 2 kenan daga Queluz-Belas, nan shuɗin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fara, ka hau shi ka sauka a Praça de Espanha, daga nan 'yar tafiya ce kaɗan zuwa Babban Masallacin Lisbon da aka buɗe a 1985, zaka hango hasumiyarsa, ka isa da wuri dan yana cika. In kuma ba Juma'a bace kuma ƙafarka da sauran ƙarfi, jirgin da ya sauke ka shi ne dai ke wucewa Sintra, kamar minti 20 zuwa 25 daga nan, sai dai ka tabbatar kuɗin da ke katinka ya kai can dan ya fi na Queluz, kuma ka sayi tikitin Pena tun kafin ka taso saboda su can da lokaci ake shiga.